Ruwan da Muka Ba Baƙi

Ni 'yar mai unguwa ce, kuma 'yar fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunana ba. "Ke" yake ce mini. In kuma da Inna yake magana a kaina, sai ya ce "yarinyar nan taki", alhali na yi aure har na haihu. Gidan mijina yana bayan masallacin unguwar, ina kuma koyarwa a firamaren da ke bakin titi. Na fara da wannan ne don a san irin kunyar da ke tsakanina da mahaifina tun kafin maganar ruwa ta shigo.

Unguwarmu ƙarama ce, irin waɗanda za ka tarar idan ka bar titin da ya nufi Bici ka yanki gonaki. Inda gonar wani ta ƙare nan dangar wani ta fara, kana tsakar gidanka kana jin dakan matan wata unguwar. Rijiya ɗaya gare mu, kakan Baba ne ya sa aka haƙa ta. Da damina da kaka ba ta da laifi. Amma da zarar bazara ta kama, wallahi abin da guga ke fitowa da shi ya fi kama da koko mara kauri. Sai a jefa alif a randa a jira ya kwanta, a tsiyaye na sama, a sha a ce alhamdulillahi. Duk bazara sai yara sun yi ta gudawa. Akwai shekarar da na kwana biyu a asibiti ina riƙe da hannun 'yata ana yi mata ƙarin ruwa, ina kallon idanunta da suka faɗa, ina tsine wa rijiyar nan a raina.

Sai ƙaramar hukuma ta fito da wani tsari. Aka haɗa unguwanni maƙwabta aka mayar da su shiyya-shiyya, kowace shiyya da kwamitinta: masu unguwanni, limamai, wakilan matasa, da mace guda daga kowace unguwa. Rigakafin yara, rabon taki, gyaran aji, duk ta hannun shiyya aka ce za su riƙa biyowa. Kuma duk shekara za a yi wa kowace shiyya babban aiki guda, a ajiye shi a unguwar da ta fi buƙata. Matan unguwarmu suka ce ni zan wakilce su, wai ni bakina ba ya ciwo. A shekarar farko aka ce rijiyar burtsatse mai sola za a ba shiyyarmu, kuma ma'aikata za su zagayo su gani da idonsu kafin a yanke inda za a sa ta.

Da labarin ya zo, na ce shi ke nan, Allah ya kawo mana. Wa ya kai mu wahalar ruwa?

Ashe ni da Baba ba abu ɗaya muka ji ba. Ni na ji za a zo duba matsala, shi kuwa ya ji za a yi baƙi. A gidanmu kuma baƙo ba abin wasa ba ne. Na tashi na ga Baba yana aro tabarma sabuwa don wani falke da ruwan sama ya tare a zaurenmu. Na ga an yanka zakaran da Inna take ji da shi saboda wani malami da ba mu ma san daga ina yake ba. To balle mutanen hukuma, da mota, har da mace babba a cikinsu.

Ana gobe za su zo, unguwa ta ɗauki harama kamar ana shirin suna. Aka share daga bakin hanya har masallaci. Baba ya sa aka kankare gansakukar da ta kama bakin rijiya, aka shafe tsagar da siminti, aka rataya sabon guga. Sannan ya tura masu babur can bakin titi, wajen wani gidan mai da ke da famfo, suka yi ta jigilar jarkoki, don ko da kaka ruwan rijiyarmu ba ya rabuwa da ɗanɗanon laka. Aka wanke manyan randuna aka jera a zaure, aka cika su da ruwan nan, aka rufe da faifai masu ado. Na ce da Inna, "Ai da ma ruwan leda aka saya musu, an huta." Ta harare ni ta ce, "Ke kin san babanki. Ya ce ba wa baƙo ruwan leda kamar ka ce masa gidanka babu ruwa ne." Na ce, "To akwai?" Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Suka iso da hantsi. Shugabarsu wata Hajiya ce mai tabarau, ta manyanta, ƙafafunta duk sun kumbura saboda zaman mota. Aka shigar da su zaure, Baba da kansa ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙa mata. Ta shanye, ta nemi ƙari. Ta ce, "Kai, Mai unguwa, ruwanku da daɗi, ga sanyi." Na ga fuskar Baba ta washe kamar an yi masa bushara. Ba zan ɓoye ba, ni ma da nake rakuɓe cikin mata a bakin ƙofa sai da na ji wani daɗi ya ratsa ni, wai an yabi gidanmu. Haka aka raine mu.

Bayan an ci kaji an wanke hannu, Hajiya ta yi tambayarta a fili, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce, "Mai unguwa, kun san abin da ya kawo mu. Kuna da matsalar ruwa a nan?" Baba ya fahimce ta sarai, kada wani ya ce bai gane ba. Ya gyara zaman babbar rigarsa ya ce, "Hajiya, mu dai sai godiyar Allah. Rijiyarmu tun ta kakanni ce, ba ta taɓa ba mu kunya ba." Dattawan da ke gefensa suka ce, "Haka ne, haka ne." Aka kai su bakin rijiya. Lokacin kaka ne, ruwa yana kusa, ga sabon guga yana lilo. Hajiya ta leƙa, ta gyaɗa kai. Ta waiwayo wajenmu ta ce, "Mata fa, akwai magana?" Duk suka zubo mini ido. Ni kuwa idona yana kan ƙeyar Baba. Ta ina 'ya za ta fara ƙaryata ubanta a gaban baƙi, a cikin zaurensa, da naman kajinsa a bakinsu? Na ce, "Babu, Hajiya. Mun gode."

Daga wurinmu unguwar gabas suka wuce. Mai unguwar can taubashin Baba ne, tun suna yara suke tsokanar juna. Shi ko tabarma bai shimfiɗa musu ba. Ya sa su gaba har kududdufin da shanu ke sha, ya ce ga tankinsu nan. Ya kira tsofaffin mata suka yi ta nuna kantar da igiyar guga ta yi musu a hannu. Da labari ya iso wa Baba sai ya tofar da yawu ya ce, "Bara ke nan. Ya zubar da mutuncin ubansa a gaban mace."

Burtsatse dai a unguwar gabas aka haƙa.

Bazarar da ta biyo baya ba zan manta da ita ba. Rijiyarmu ta koma taɓo, muka shiga sahun masu zuwa gabas da jarkoki. Matan aure ba sa fita, sai tsofaffi da yara da irina da aiki ya riga ya fitar. Ka yanki gonakin da aka share ana jiran shuka, rana tana dukan tsakar ka, ka je ka tarar da layi, kuma masu wuri su ne gaba. Ba su taɓa hana mu ba, in faɗi gaskiya. Amma bakinsu! Wata tsohuwa da zarar ta hango mu sai ta ɗaga murya, "A matsa, a matsa, ga masu ruwan daɗi nan sun zo ɗanɗana namu!" A kwashe da dariya. Ni da nake da amsar kowace magana, sai in sunkuyar da kai in yi kamar ina gyara murfin jarka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya suke faɗa.

Inna ma da ciwon gwiwarta sai da ta fara bin hanyar nan, don ba ta yarda jikokinta su sha na rijiya. Wata rana na tarar da ita zaune a kan kunyar gona, bokiti a gefe, rabin ruwan ya zube, tana murza ƙafa. Ta ce kada in gaya wa kowa. Ranar ce na kasa haƙuri. Na wuce zaure na durƙusa daga nesa na ce, "Baba, taron shiyya ya kusa. Don Allah wannan karon ka gaya musu halin da muke ciki." Bai dube ni ba. Carbinsa yake ja. Can ya ce, "Ke, ubana ya riƙe unguwar nan bai taɓa buɗe wa baƙo cikinsa ba. Mu ba mabarata ba ne." Na ce, "Baba, ai ba bara ba ne, haƙƙinmu ne, don mu aka kawo tsarin." Ya ce, "Da bakin nan nawa na ce muna da ruwa. So kike in koma in ce ƙarya na yi?" Ya ce in tashi in tafi gidan mijina.

Mijina yana harkar hatsi a Dawanau, sai ƙarshen mako yake dawowa. Da na ba shi labari sai ya ce, "Ni dai babu ruwana tsakaninki da Baba. Amma in kika yi abin da nake gani a idonki, kada ki ce ban gaya miki ba."

Taron shekara ta biyu a unguwar gabas aka yi, a inuwar ɗorawa, dab da tankin nasu, ana jin ruwa yana zuba a bokitai. Duk shiyya ta hallara: masu unguwanni a kan kujeru, maza a tabarmi, mu mata a baya. Da safiyar ranar na je rijiyarmu na cika wata gorar lemo da abin da guga ya fito da shi, na ɓoye a cikin hijabi. Har na zauna ban san ko zan fito da ita ba.

Hajiya mai tabarau ce ta sake zuwa. Ta ce kowace unguwa ta faɗi buƙatarta, a tattauna, a zaɓi guda. Wasu suka ce kwalbati, wasu suka ce rufin aji. Da aka zo kan Baba sai ya ce duk abin da jama'a suka zaɓa shi ya yarda. Hajiya ta ce, "To madalla. Tunda maganar ruwa mun gama da ita a shiyyar nan, sai mu duba tsakanin kwalbati da aji."

Mun gama da ita! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa ta gefen tabarmin maza, ana ta matsar da ƙafa ana kallona, na dire gorar a kan tebur. Tafiya ta girgiza ta, ruwan ya yi jajir, wasu 'yan baƙaƙen abubuwa suna yawo a ciki. Hajiya ta ce, "Wannan fa?" Na ce, "Ruwan rijiyarmu ne, Hajiya. Na yau da safe."

Hajiya ta ɗaga gorar ta duba a rana, ta ajiye, ta juya wajen Baba. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Mai unguwa, ba wannan na sha a zaurenka ba."

Wayyo Allah. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Mutumin da ko ɗaga murya ba a yi a gabansa, ga shi an tsare shi a gaban taubashinsa da limamai da yaran da aka haifa a gabansa, kuma 'yar cikinsa ce ta jawo. Na san yana da mafita. Yana iya cewa yarinya ce, daga kududdufi ta ɗebo, kuma dattawanmu za su ce haka ne. Da ya faɗi haka, da burtsatse ta tafi, ni kuma na zama mahaukaciyar shiyya.

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce a ba shi moɗa. Aka miƙo masa wadda ke bakin tanki. Ya ɗauki gorar, ya ƙara girgiza ta da kyau, ya tsiyaya har moɗar ta cika. Ya riƙe da hannu biyu ya miƙa wa Hajiya, daidai yadda ya miƙa mata a zaurenmu. Ya ce, "Hajiya, wancan karon ruwan aro muka ba ki. Ga namu. Bisimilla."

Baiwar Allah ta karɓa, don ba a mayar da hannun dattijo. Ta kai kusa da baki, warin taɓo ya buge ta, ta tsaya. Ba ta iya sha ba, ba ta kuma iya ajiyewa ba. Na ga idonta ya kawo ruwa a bayan tabarau. Baba ya ce, "Kawo, ba ki saba ba." Ya karɓa, ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya shanye tas a gaban kowa. Da ya sauke moɗar, laka ta kwanta a farin gemunsa, bai share ba. Ni ce na kawar da kai, don ban iya kallo.

Taubashin nasa, wanda ban taɓa ganin ya bar Baba ya wuce ba tare da ya jefe shi da magana ba, ranar ko murmushi bai yi ba. Ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Hajiya, mu mun janye maganar rufin ajinmu. A ba su ruwa." Masu kwalbati suka ɗan yi gunaguni, liman ya dube su, suka yi shiru. Haka aka tashi.

A hanyar komawa Baba yana gaba shi kaɗai, dattawa sun ba shi tazara, ni ina can baya kamar wadda ta yi sata. Bai waiwayo ba har ya shige zaure. Labari ya riga mu isa gida. Inna ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Kin kyauta. Kin tuɓe shi a kasuwa." Na ce, "Inna, gwiwarki fa?" Ta ce, "Gwiwata ta ce miki ki yi?" Sai kuma ta fashe da kuka, ta jawo ni ta rungume, tana dukan bayana tana cewa Allah ya shirye ni. Har yau ban san ko godiya ce ko faɗa ba.

Unguwa ta rabu a kaina. Mata suna aiko mini da ƙuli-ƙuli da daddawa a ɓoye. A majalisar maza kuwa sunana ya koma "wadda ta kunyata ubanta". Na yi makonni ina zagayawa ta bayan gari in za ni makaranta, don kada in bi ta ƙofar zaure. In na je gaishe shi sai ya amsa da "lafiya" ɗaya, ya ci gaba da jan carbi. Daga ranar bai sake zuwa taron shiyya ba, ƙanensa yake turawa.

Kafin wata bazarar aka zo da motar haƙa. Aka kafa tanki a filin da ke kusa da masallaci, aka jera famfuna. Ranar da ruwa ya fara zuba yara suka yi ta tsalle a ciki da kayansu, tsofaffi suna guɗa. Baba ya fito ya yi wa ma'aikata godiya, ya sa aka yi addu'a, ya koma ciki. Aka bi shi da moɗar farko, ya ce a ba yara. Da yamma ya gaya wa Inna cewa shi a ci gaba da ɗebo masa na rijiyar kakansa, a randarsa ta zaure. Ya ce wancan ruwan ya san da abin da aka saye shi.

Inna ta yi masa biyayya na 'yan kwanaki, tana jefa alif tana tacewa da ƙyalle. Da cikinsa ya fara murɗawa sai ta daina tambayar kowa. Yanzu da sassafe, in ya tafi masallaci, sai ta aiko a kira ni, in kawo bokiti daga famfo in shiga ta ƙofar baya. Mu juye a tsohuwar randar nan tasa mai ƙanshin ƙasa, mu rufe da faifai. Sannan ta sa a ɗebo guga ɗaya na rijiya a ajiye a bakin zaure inda zai gani, daga baya a ba tumaki. Da, ruwan aro muka zuba a randa don baƙi. Yanzu shi muke yi wa, ni da matarsa, a cikin zaurensa.

Kwanan baya na je gaishe shi da rana tsaka, a tsakiyar bazara, lokacin da kowa ya san ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sha na rijiyar nan. Ya ce, "Ke, ba ni ruwa." Na buɗe randa na ɗebo, na durƙusa na miƙa. Ruwan garau, har ana ganin tsatsar gindin moɗa. Ya daɗe yana kallon cikinta. Ya sha, ya ajiye, ya share gemunsa. Bai dube ni ba ya ce, "Rijiyar nan ta gyaru bana."

Kaina yana ƙasa na ce, "Ta gyaru, Baba."